Hannun Dama a Cikin Riga

Sana'ata ba ta da suna a Hausa, kuma na daɗe da daina wahalar da bakina wajen faɗin sunanta na Turanci. Aikina shi ne in koya wa mutum komawa harkokinsa bayan ciwo ya taɓa shi. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye in koya masa sa riga da ɗaure wando, wanda ya rasa yatsu in gyara masa ƙotar fartanya ko mariƙin cokali. Mutanen Potiskum likitan gashin ƙashi suke ce mini, in fusata in ce wannan aikin wasu ne daban, su ce to Allah ya huci zuciyata, gobe su maimaita. Nas-nas ɗin asibitinmu kuwa malamin cokali suka raɗa mini, da farko a bayan idona, daga baya a gabana.

To amma cokalin nan ba a koyar da shi sai da lasisi, kuma lasisin kowace shekara yake mutuwa. Kafin hukumar da ke kula da mu ta sabunta maka, sai ka nuna ka ƙaro ilimi, wato ka halarci tarurrukan bita an ba ka maki. A shekarun zaman lafiya ban ɗauki abin a bakin komai ba. In je Kano ko Jos, in nemi kujerar baya kusa da fanka, in sha gyangyaɗina, in farka daidai lokacin rabon shinkafa, in dawo gida da makina da sabuwar jaka mai tambari.

Da rikici ya shigo mana, sai abin ya gagara. Hanya ta zama abin tsoro, layin waya ana ɗauke shi ana dawo da shi, sanarwar bita takan iso ni bayan mutane sun gama sun watse. Wani zubin kuma ta iso da wuri, in duba hanyar in duba 'ya'yana, in ce bari dai ta gaba. Haka na yi ta ta-gaba har shekara ta zo gangara makina bai cika ba. Shugaban asibitinmu ya kira ni ofis ya ce umarni ya zo, duk wanda lasisinsa ya mutu za a rufe ɗakinsa har sai ya sabunta. Na hura hanci na ce ai ni kaɗai ne mai wannan aikin a duk faɗin garin nan. Ya ce shi ya sa ma ya kira ni da wuri.

Rufe ɗakin ba ni kaɗai zai shafa ba. A lokacin ina da wani dattijo manomi daga unguwar Yindiski wanda hawan jini ya shanye masa ɓarin dama. Ƙafar ta dawo, yana tafiya yana ɗan jan ta, amma hannun yana rataye. Abin da ya sa raina ke kansa shi ne yatsun sun fara motsi, kuma a aikinmu wannan ɗan motsin ba ya jiran kowa. In aka bi shi da aiki a watannin farko sai a samu wani abu, in aka bar shi yatsun su dunƙule su sandare. Baba kuwa, kamar yadda nake ce masa, zuwansa sai ya ga dama. Ya zo yau, ya ɓace, sai na fid da rai ya sake ɓullowa. In na yi masa faɗa sai ya ce, "Hanya ce, ɗana." In ce wace hanya, daga Yindiski zuwa nan ai ba Makka ba ce. Ya juya yana kallon bango, ni kuma in yi ta surfa masa wa'azi a kan lalaci.

Bita guda ta rage a shekarar, a Bauchi, kuma wadda za ta jagorance ta ita ce Madam da ta koya mini aiki. Kirista ce daga tsakiyar ƙasar nan, ta daɗe tana aikin gwamnati a Potiskum, gidanta a Dogo Nini, Hausarta ta fi ta wasunmu. Da gari ya rikice ta kwashe iyalinta ta tafi. Na yi shahada na hau mota.

A wurin Madam babu kujerar baya. Ta raba bitar gida biyu, ta ce a tsakani kowa zai koma garinsu ya yi aikin gida, kuma makin yana kan aikin gidan. Kowa zai ɗaure hannun da yake aiki da shi, ya yini guda da shi a ɗaure, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ranar aiki, ya yi duk abin da ya saba yi. Ta ce musulmi su kwance don alwala da salla, su mayar. Ban da wannan, wanda ya kwance kafin magariba ba shi da maki.

Wani ya tambaya ta yaya za ta san wanda ya yi da wanda bai yi ba.

Ta ce, "Ba ni da ɗan sandan da zai bi ku. Amma za ku tsaya a gabana ku ba da labari, ni kuma na haifi 'ya'ya, na san fuskar mai ƙarya."

Na yi dariya a raina. Ni da na shekara da shekaru ina koya wa mutane rayuwa da hannu ɗaya, wannan ai maki ne a ɓagas.

Da na dawo gida na shiga shiri, kuma a nan ne wayona ya yi mini yawa. Abin da kowa zai yi shi ne ya rataya hannun a wuya da ƙyalle, a fili, kowa ya gani. Ni kuwa na hango kaina ina ratsa unguwarmu ta Bolewa da hannu a rataye, kafin azahar labari ya zaga cewa malamin cokali ma ɓarin jikinsa ya shanye, a fara zuwa dubiya. Na ce ba da ni ba. Zan ɓoye shi a cikin babbar riga. Kuma don in nuna wa Madam hannuna bai mutu ba, na ɗauko guntun fayif na roba, irin wanda nake gasawa a wuta in lanƙwasa wa majinyata abin tallafe hannu, na ƙera wa kaina guda mai kyau, har da maɗaurai baƙaƙe.

Da safe bayan salla na sa hannun a ciki, na kwantar da shi a kan cikina, na ce uwargida ta naɗe ni da bandeji. Ta naɗa tana dariya. Da na zura babbar riga ta ja da baya ta dube ni, dariyar ta ɗauke.

Ta ce, "Malam, haka za ka fita?"

Na ce, "Haka zan fita. Karatu ne, ba za ki gane ba."

Ta ce, "To Allah ya ba da sa'a. Mu da ba mu yi karatun ba dai, in muka ga mutum haka a hanya, gefe muke yi."

Ban saurare ta ba, don hankalina yana kan mazagin wandona da ya ƙi ɗauruwa. Dabarar da nake koya wa mutane na sani sarai, na faɗe ta sau ba adadi, amma yatsun haguna ba su taɓa jin labarinta ba. Sai da na kama bakin mazagin da haƙori, na tanƙware kamar mai neman allura a ƙasa. Hula ta zauna a karkace. Aka kawo koko da ƙosai, na miƙa hagu, sai na ji hannun ya tsaya da kansa a kan kwano. Tun ina yaro ake buge mini shi in ya doshi abinci, ga shi da furfurata ina lallashinsa ya ɗauki ƙosai. Na ci, amma a ɗarare, ina waige ko yara na kallo. Na tuna yadda nake ce wa majinyata larura ce, babu kunya, su ci abinsu. Da baki faɗin haka ba wuya.

A wancan lokacin an hana hawa babur, sai napep. Kafin a kai asibiti kuma akwai shingen sojoji. Ƙa'idar wurin kowa ya san ta: a sauka daga nesa, a jera, a wuce a ƙasa hannuwa a sama, a hau a can gaba. Kullum ta nan nake bi safe da yamma, har na daina sanin ina yi. Hannuwana da kansu suke tashi, ni kuwa ina can ina tunanin cefane. Wallahi duk shirin da na yi, da fayif da bandeji da babbar riga, ko sau ɗaya shingen nan bai faɗo mini a rai ba.

Muka sauka, muka jera. Kowa ya ɗaga hannuwa biyu. Ni ma na ɗaga, sai guda ya tashi.

Sojan da ke bayan buhunan yashi yaro ne, bai fi ƙanena na ƙarshe ba. Ya dube ni, ya dubi hannun rigar dama da ke lilo ba kowa a ciki, ya dubi tudun da ke kan cikina. Ya daka tsawa cikin guntuwar Hausarsa, "Kai! Hannu biyu! Sama!"

Na buɗe baki zan yi bayani. Bayanin kuwa dogo ne, sai an faro daga hukuma da lasisi da maki da Madam. Abin da ya fito kawai shi ne, "A ɗaure yake."

Ban san akwai gudu a jikin mutanen garinmu haka ba. Kafin in rufe baki layin ya watse. Wata mata ta yar da kwanon awara, mai napep ɗinmu ya bar kekensa a kunne ya faɗa kwata, wani dattijo da ke dogara sanda ya wuce ni sandar a hammata. Na tsinci kaina ni kaɗai a tsakiyar titi, hannu guda a sama, bakin bindiga yana kallona. Ba zan yi ƙarya ba, na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Na fara kalmar shahada. Kuma abin haushi, a cikin wannan halin, wani ɓangare na zuciyata yana cewa in ka kwance babu maki.

Sai na ji murya daga bayan wani kiyos. Wani ɗan kasuwa ne mutumin kudu, mai shagon kayan gini, wanda muka daɗe muna hulɗa. Ya leƙo da kai yana ihu, "Oga, kar ka harba! Na san shi! Likita ne, mutumin kirki! Ni ne yana sayar masa da fayif kullum!"

Allah ya saka masa da alheri, da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma da sojan ya ji kalmar fayif sai na ji ƙarar ɗana bindiga.

Babbansu ne ya fito, mutum mai sanyin murya, ya tsaya daga nesa ya ce in cire rigar a hankali, da hannun da ke sama, kada in yi garaje. Cire babbar riga da hagu kaɗai darasi ne da nake koyarwa, kuma ranar na gane ashe ban iya ba. Ta sarƙe a wuyana, hula ta faɗi ta gangara, na yi ta kokawa a cikin shadda ban ga gabana. Da ƙyar na fito. Ga ni a tsaye da singileti, tumbi a waje, an naɗe ni da bandeji kamar ƙunshin goro, baƙaƙen maɗaurai sun zagaye guntun fayif. Ya ce in warware. Na warware, ina juyi a tsakiyar titi, bandejin yana taruwa a ƙafata. Na zare hannun, na ɗaga su duka biyu har sama, na buɗe yatsu goma. Ko hantsi bai yi ba.

Ya ɗauki abin da na ƙera ya jujjuya, ya saurari bayanina har ƙarshe, sannan ya tambaye ni da gaske na yi makaranta. Na ce na yi. Ya ce in je in gode wa Allah, in kuma gode wa yaron nan da ya iya riƙe yatsarsa. Na dubi yaron, na ga ya sauke bakin bindigar yana share zufa.

Ni da na ɓoye hannu don kada Bolewa ta yi magana, kafin in isa asibiti labarin ya riga ni, har an ƙara masa gishiri. Nas-nas suka tare ni a baranda hannuwansu a sama. Na shige ɗakina na zauna, na mayar da hannun na rataya a wuya da ƙyalle yadda ya kamata tun farko, ko da yake na san aikin gama ya gama.

Ranar Baba ya zo. Ya ji labari a bakin ƙofa, ya shigo yana dariya da rabin bakinsa, karon farko da na ga haƙoransa. Ya zauna ya ce in ba shi da bakina. Na ba shi, ya yi ta girgiza kai yana share hawaye da hagu.

Da ya natsu na ce, "Baba, kai yaya kake wucewa wurin nan?"

Ya ce, "To, in na samu ɗan unguwarmu a keke, shi yake yin gaba ya gaya musu tsohon nan hannunsa ya mutu. In sojan da ya san ni ne, ya ce wuce. In an canza su, kuma ba wanda na sani, sai in sauka tun daga nesa in juya gida." Ya dubi ƙyallen da ke wuyana ya ƙara da cewa, "Kai dai ka ji daɗi, ɗana. Da suka matsa, ka kwance naka."

Ba da gatse ya faɗa ba, yana ma murmushi. Ni ne na rasa inda zan sa idona.

Washegari na kama hanyar Bauchi, don haka babu ranar da zan sake. A cikin mota na shirya ƙaryata tsaf. Zan ba da labarin mazagi da ƙosai, in tsallake shinge, in dire a magariba. Ba wanda zai sani, kuma na gaya wa kaina ba don ni zan yi ba, don yatsun Baba ne.

A zauren bita mutane suka yi ta tashi. Wannan ta ce ta kasa goya ɗanta, wancan ya ce ya zubar da man goge baki a takalmi, ana ta dariya. Aka zo kaina. Na tashi na fara da mazagi, aka yi dariya, na ji daɗi. Na zo kan ƙosai. Sai na haɗa ido da Madam, ta tallafe haɓa tana kallona irin kallon da take mini tun ina sabon ma'aikaci. Ƙaryar ta bi iska. Na ji bakina yana cewa na kwance tun kafin hantsi, kuma ga dalili.

Da farko zauren ya kece da dariya, musamman wurin mai fayif. Da na kai wurin Baba aka daina dariya.

Madam ta tambaye ni wane shinge ne. Na kwatanta mata. Ta ce nan take sayen rake in ta taso aiki. Ta cire tabarau ta goge, ta ce, "Ni na ba ka aikin nan, kuma na zauna a garin nan. Ya kamata in tuna. Da an harbe ka fa?"

Na ce, "Madam, ke ƙyalle kika ce. Fayif da babbar riga nawa ne."

Ta ce, "Wannan kam naka ne, ba mai ƙwace maka." Ta mayar da tabaran. "Makin aikin gida ba ka da shi, Malam. Na faɗa a gaban kowa, ba zan janye ba."

Na hango kwaɗo a ƙofar ɗakina.

Ta ce amma a ƙa'idar hukuma wanda ya gabatar da darasi a bita yana da nasa makin daban, kuma ita ba ta ga wanda ya koyar da zauren nan wani abu yau kamar ni ba. Sai dai ba a tsaye cikin raha ba. In je in zauna in tsara shi, gobe in gabatar da shi sosai, da abin da ya kamata mai aikinmu ya yi wa majinyacin da ke bin irin wannan hanya. Haka aka yi. Ni da na saba kujerar baya, na tsaya a gaban allo ina zufa, ina koyar da darasin da na samo da singileti a tsakiyar titi.

Lasisin ya fito kafin shekara ta ƙare, ba a rufe ɗakina ba. Da Baba ya dawo na ajiye cokali da maɓallan riga gefe. Akwai wani motsa jiki da muke koyarwa don kafaɗa kada ta sandare: mutum ya sarƙe yatsun hannu mai lafiya da na mara lafiya, mai lafiyar ya ɗauki ɗan'uwansa su tashi tare. Na san shi tun ina makaranta, ban taɓa ganinsa a matsayin komai ba sai maganin kafaɗa. Shi muka sa a gaba. Da farko iyakarsa ƙirji, yana cije baki. Sannan goshi. A hankali har suka haye saman hula suka tsaya.

Ranar da na ga ya iya riƙe su yana tafiya, na ce zan raka shi. Muka taka har shingen, kuma sababbin sojoji ne, ba wanda ya san shi. Na ce ba zan yi masa magana ba, ina bayansa. Ya tsaya ya sarƙe yatsunsa, ya ja numfashi, ya ɗaga. Ya wuce yana jan ƙafa, hannuwa biyu a sama, ba wanda ya ko dube shi.

Na yi murna har idona ya kawo ruwa. Na kuma ji wani baƙin ciki ya tokare ni, wai duk karatuna da lasisina, babban abin da na koya wa dattijon da ya yi jika shi ne yadda zai ɗaga hannu a garinsu. Ina tsaye ina wannan tunani aka daka mini tsawa daga bayan buhuna, na ɗaga nawa na bi shi.